Tsofaffin Bindigogin Soja Masu Sakata: Tambayoyi da Amsoshi Kan Mosin, Mauser, Enfield da Sauransu

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi dawowa daga bakin masu sha'awar tsofaffin bindigogin soja, wasu don harbin saiti a filin da aka tanada, wasu kuma tarawa kawai suke yi saboda tarihi. An fara da masu sauƙi sannan aka gangara zuwa masu ɗan zurfi, in kaga amsa ta tura ka wata amsar to ka bi, don abubuwan a sarƙe suke.

Wai wace irin bindiga ake nufi takamaimai?

Bindigar da sojan wata ƙasa ya gama yayinta, aka shafe ta da giris aka jibge a ma'aji shekaru, daga baya gwamnati ta sayar wa dillalai. Aikinta da hannu ne: ka harba, ka ɗaga hannun sakata, ka ja baya kwanso ya fice, ka tura gaba ta ɗauko sabon harsashi, ka kwantar da hannun ta kulle. Zamaninsu ya kankama ne bayan Faransa ta fito da Lebel a 1886, bindigar soja ta farko mai albarushi marar hayaƙi, daga nan kowace ƙasa ta shiga rige-rige, har zuwa wajen 1950 da masu sarrafa kansu suka ture su.

Doka ta yarda mutum ya mallake ta?

Ya danganta da ƙasar da kake, kuma bambancin ba kaɗan ba ne. A Amurka bindigar da ta haura shekara 50 tana shiga sahun kayan tarihi, akwai ma lasisi na musamman na masu tarawa, wadda aka ƙera kafin 1899 kuwa dokar tarayya ba ta ɗauke ta kamar sauran bindigogi ba. A Ingila sai da takardar izini daga 'yan sanda, shi yasa masu tarawa da yawa can suke sayen waɗanda aka kashe, wato aka toshe bututu aka lalata sakata. A ƙasashe da dama kuma bindigar soja haramun ce ga farar hula komai tsufanta. Tsufa ba ya mayar da ita abin ado a idon doka, ka tabbatar da izininka kafin ka fara ciniki.

A taƙaice dai, wacce ta fi kyau?

Wannan ce tambayar da ta fi yawa kuma ita ce ba ta da amsa ɗaya, sai ka fara faɗa min me zaka yi da ita. Mai harbi bututu yake kallo da kunama da ko zai samu harsashi, ko da sassan bindigar daga masana'antu uku aka harhaɗo su bai dame shi ba. Mai tarawa kuwa lamba yake bi da tambari da katakon asali, zai iya biyan kuɗi mai yawa kan bindigar da cikin bututunta ya yi baƙi ƙirin saboda kawai ba a taɓa canza mata ko dunƙulen ƙarfe ɗaya ba. Buƙatun nan biyu sau da yawa karo suke yi.

Sannan wani abu da sababbin shiga ba sa son ji, lafiyar bindigar da ke hannunka ta fi sunan da ke jikinta muhimmanci. Mosin mai tsaftataccen bututu zata kunyata Mauser da tsatsa ta cinye, kullum. In dole sai na zaɓa, don harbi K31 ta Suwizalan ko Mauser ɗin Suwidin, don tarawa K98k ta Jamus ko Arisaka ta Japan mai tambari, don a haɗa biyun kuwa Lee-Enfield No.4 ta Ingila ko M39 ta Finlan.

Me yasa kusan kowa da Mosin-Nagant yake farawa?

Saboda yawa. Rasha ta karɓe ta a 1891, ƙirar Sergei Mosin ce da ɗan abin da aka ɗauko daga Léon Nagant na Beljiyam, kuma an ƙera wajen miliyan 37, don haka da Tarayyar Sobiyet ta rushe aka buɗe ma'ajiyoyi sai ta cika kasuwa ita da harsashinta 7.62x54R. Yanzu ta yi tsada a kan da, amma har yau ita ce mai sauƙin samu. Wadda zaka fi gani ita ce M91/30, doguwa, bututunta ya kai santimita 73, tana cin harsashi 5, akasari ƙirar masana'antar Tula (tambarinta tauraro da kibiya a ciki) ko ta Izhevsk (kibiya cikin alwatika). Sai gajeru, M38 da M44 mai banati da ake naɗewa a gefe.

To amma araha ba ta ado. Kunamarta doguwa ce mai santsi, ba ka sanin inda zata tashi, sakatar kuma in bindiga ta yi zafi wani lokaci sai ka mare ta da tafin hannu kafin ta buɗe, yawanci busasshen giris ne da ya maƙale a ɗakin harsashi yake jawo haka. Seftinta kuwa, wato makullin da ke hana ta tashi, wahala ce zalla, sai ka ja ƙullin bayan sakata da ƙarfi ka murɗa hagu, shi yasa da yawa ba sa ma taɓa shi. Amma ba ta lalacewa da wuri, yaro ma zai iya kwance ta ya mayar. Masu tarawa sun fi son masu gidan sakata (ƙarfen da sakata ke zirga-zirga a cikinsa) mai kusurwoyi, waɗanda aka daina yi wajen 1936, da waɗanda Remington da New England Westinghouse suka ƙera wa Rasha a Amurka lokacin yaƙin duniya na ɗaya.

Mauser fa, me yasa ake zuzuta ta haka?

Don ta cancanta. Gewehr 98 da Paul Mauser ya fitar a 1898 ita ce uwar kusan duk bindigar farauta mai sakata da ake ƙerawa yau. Haƙora biyu ne a gaban sakata suke kullewa, da na uku a baya na ko-ta-kwana, ga wani dogon ƙugiya a gefe da yake cafke gindin harsashi tun yana fitowa daga magazin, wato ma'ajiyar harsashi, ba ya saki sai ya jefar da kwanson, ga sefti mai matsayi uku, ga ramukan da suke kawar da iskar albarushi daga fuskarka in kwanso ya fashe. Amurka da kanta bayan ta ɗanɗana Mauser ɗin Sifen a yaƙin 1898 sai ta ƙera Springfield M1903, kamannin ya yi yawa har sai da ta biya kamfanin Mauser diyya.

K98k ta 1935 ita ce Mauser ɗin Jamus ta yaƙin duniya na biyu, harsashinta 7.92x57, kuma nan ne masu tarawa suke haukacewa, saboda Jamus ta ɓoye sunayen masana'antu da haruffa: byf Mauser ce ta Oberndorf, bnz Steyr, dot Brno, bcd Gustloff. Kowace shekara da irin katakonta da irin ƙarfenta, na ƙarshen yaƙi duk an rage musu aiki. Sai dai ba bindigar da aka fi yi wa tambarin bogi kamar ta, ka karanta amsar lambobi a ƙasa kafin ka zaro kuɗi.

In harbi kawai kake so ba sai ka biya kuɗin tarihin Jamus ba. Vz.24 ta Cekoslobakiya ƙira ce mai kyau ƙwarai, M48 ta Yugoslabiya kuma bayan yaƙi aka yi ta, da yawansu ba su wahala ba, bututun fes. Ka dai sani gidan sakatar M48 ya ɗan fi na K98k gajarta, sassan ba sa shiga juna duka.

Da gaske Lee-Enfield ta fi sauran sauri?

Da gaske ne. Harsashi 10 take ci a lokacin da yawancin sauran ke cin 5, haƙoran sakatarta a baya suke don haka tafiyar gajera ce, ɗaga hannun ma bai kai na Mauser ba, kuma hannun yana sauka daidai bayan kunama. Sojan Ingila kafin 1914 ana horar da shi ya yi harbi 15 masu saiti a minti ɗaya, ƙwararru suna wuce haka nesa. SMLE Mk III ta 1907 ita ce mai guntun hanci da katako har baki, No.4 ta 1941 kuma bututunta ya fi kauri, saitin bayanta ɗan rami ne kusa da ido, wanda a ganina ya fi na Mosin da Mauser sauƙin aiki musamman ga wanda idonsa ya fara gajiya.

Daɗinta wajen tarawa shi ne duk daular Ingila ta ƙera ta: Enfield, BSA, Fazakerley, Maltby, Lithgow a Ostareliya, Ishapore a Indiya, Long Branch a Kanada, har Savage a Amurka. Matsalarta harsashin .303 yana da baki a gindi, in ka jera ba daidai ba bakin na sama ya faɗa bayan na ƙasa sai ta cije. Ɗakin harsashinta kuma da gangan aka yi shi da faɗi saboda laka da ƙura, don haka kwanso yana miƙewa, masu sake cika kwanso ba sa morarsa sosai. No.5 gajeriyar nan ta yaƙin daji tana da farin jini, shi yasa aka yanke No.4 da yawa aka sayar da sunanta, ta gaske an rarake ƙarfe a gidan sakata da gindin bututu don rage nauyi.

Wacce ta fi saiti?

Uku ne ba a cika musu a kansu ba. K31 ta Suwizalan, wadda aka ƙera a Bern daga 1933 zuwa 1958, sakatarta ba a murɗawa, ja da turawa ne kawai, tana cin harsashi 6 na 7.5x55. Ƙasar ba ta shiga yaƙi ba, harsashinsu GP11 ba ya cin bututu, don haka zaka ga gindin katakon ya sha duka ya yi kaca-kaca amma ka leƙa bututu kamar jiya aka yi shi. Kunamarta mataki biyu ce, tana tashi tsaf. In ka kwance farantin gindi sau da yawa akwai 'yar takarda da sunan sojan da ya riƙe ta da rundunarsa, kar ka yar, tana cikin darajar bindigar.

Ta biyu M96 ta Suwidin mai harsashi 6.5x55, ƙirar masana'antar Carl Gustaf, da gajerarta M38 wadda Husqvarna ta yi da yawa. A jikin katakonta akwai faifan tagulla da makeran soja suka buga wa alamar faɗin bututu da lafiyarsa a duban ƙarshe da suka yi. Ta uku M39 ta Finlan. Su Finlan ba su taɓa ƙera gidan sakatar Mosin ba, tsofaffin na Rasha suka ɗauka suka sa musu sabon bututu mai kauri da katako da kunama mai kyau, sai ga Mosin ta zama wata aba daban. Simo Häyhä, maharbin Finlan da ya yi suna a yaƙin hunturu na 1939 tsakanin Finlan da Sobiyet, da yayarta M28/30 ya yi aiki, kuma ba madubin hange.

Wacce ce ba ta dukan kafaɗa sosai?

Masu harsashin 6.5, wato ta Suwidin da Arisaka Type 38 da Carcano. Dokar ita ce gajeren bututu da rashin nauyi suna ƙara duka, don haka M44 da No.5 da Steyr M95 gajera ta Ostiriya sune mugaye, M44 har ƙwallon wuta take fitarwa a baki. Dukkansu farantin gindinsu ƙarfe ne, ka sa robar da ake zurawa a cire, ba wadda sai an yanka katako ba.

An ce Arisaka da Carcano tarkace ne, haka ne?

Zancen Arisaka kam ƙage ne. Type 38 ta 1905 da Type 99 ta 1939 suna cikin masu ƙarfin gidan sakata, makerin nan na Amurka P.O. Ackley ya gwada su da albarushi fiye da kima bayan yaƙi suka jure abin da wasu ba su jure ba. Type 99 ta farko-farko har kurom aka shafa a cikin bututunta. Baƙin sunan ya samo asali ne daga na ƙarshen yaƙi da aka yi su a gurguje, da kuma bindigogin horo da ba a yi su don harsashin gaske ba, akwai bayaninsu a amsar waɗanda ba a harbawa. A saman gidan sakata akwai tambarin fure mai ganye 16 na sarkin Japan, galibi an goge shi lokacin miƙa wuya, wadda nata yake nan daram ta fi daraja.

Carcano ta Italiya, 1891, ba ta da kyan gani gaskiya, kuma ba ta aiki yadda ya kamata sai da kilif ɗinta, wato ɗan ƙarfen da ke riƙe harsashi 6, da yake faɗowa ta ƙasa in ya ƙare. Rashin saitin da ake zarginta da shi yawanci laifin harsashi ne, bututunta yana son mai kaurin inci .268, kamfanoni kuma suka riƙa loda .264. Matsalar su biyun ɗaya ce, harsashi yana wuyar samu.

Mene ne harsashi mai cin bututu, kuma in guje shi?

Tsohon harsashin soja, musamman na Rasha da gabashin Turai da Turkiyya, furaimarsa, wato ɗan maɓallin gindi da allura ke duka, tana barin wani gishiri a cikin bututu bayan harbi. Gishirin nan yana jan danshi, in ka bar shi ko kwana ɗaya a wuri mai laima sai kaga tsatsa ja ta fito. Mai ba ya narkar da shi, ruwa ne yake yi. Ba sai ka guje shi ba, kawai ranar da ka harba ka zuba ruwan zafi ta bututu, ka goge fuskar sakata, ka busar sarai, sannan ka yi wankin da ka saba ka shafa mai, washegari ka sake leƙawa. Duk harsashin soja da ba ka tabbatar ba ka ɗauka mai ci ne. In kuma ka ja kunama bai tashi ba, kar ka yi gaggawar buɗe sakata, ka bar baki yana kallon fili na aƙalla rabin minti, tsohuwar furaima takan makara.

Me zan duba kafin in saya?

Cire sakata ka haska fitila ta baki ka leƙa ta baya. Kana neman zanen murɗiyar nan na ciki ya fito da kaifi. Bututu mai duhu amma zanensa na nan yakan yi harbi lafiya, wanda zanen ya shafe ko ya yi ramuka-ramuka kuwa ka barshi. Sai bakin bututu, nan ne sandar wanki take cinyewa, ka ɗauki harsashi ka zura kansa a baki, in ya nutse har wuyan kwanso to ya gaji. A Mosin da yawa zaka ga an ƙwaƙule ɗan tsawo daga baki zuwa ciki, makeran soja ne suka yi don su kai ga zane mai lafiya, mai harbi bai kamata ya tsorata ba, mai tarawa ne zai rage kuɗi.

Katako kuma ka duba bayan gidan sakata da wuyan riƙo, nan yake tsagewa. Abu na ƙarshe wanda ido ba ya gani shi ne tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da inda harsashi yake zama, in ta yi yawa kwanso zai iya rabewa a fuskarka. Akwai ma'auni na ƙarfe da ake gwadawa da shi, makerin bindiga zai yi maka cikin 'yan mintuna, kuma dole ne in sakatar ba ta asali ba ce. A No.4 an sauƙaƙa abin, kan sakatar ana kwance shi, yana da lamba daga 0 zuwa 3.

Lambobi su yi daidai, me yasa ake damuwa da shi?

A wancan zamani da hannu ake daidaita sakata da bindigarta, sai a buga lamba ɗaya a gidan sakata da sakata da magazin da katako, Jamusawa har kan ƙananan sassa suke buga lambobi biyun ƙarshe. In duk sun dace, bindigar tana yadda ta baro masana'anta kenan. K98k da yawa da ke kasuwa waɗanda Sobiyet suka ƙwace ne, suka wargaza su gaba ɗaya suka sake haɗawa ba tare da kula da lamba ba, suka rubuta sabuwa da alƙalamin lantarki a kan sakata, wasu da alamar X. Suna harbi lafiya kuma wannan ma tarihi ne, amma kuɗinsu bai kamata ya kusanci na asali ba. Mosin ma kusan duk an sake musu gyara bayan yaƙi, zaka ga an soke tsohuwar lamba an buga sabuwa.

Inda ake cutar mutane shi ne a goge lamba a buga wata, ko a ƙara tambarin wata runduna mai tsada. Ka duba ko siffar lambobin iri ɗaya ce, ko wurin ya ɗan lotsa alamar an goge. Mosin mai madubin hange na PU ma haka, na haɗi sun fi na gaske yawa.

Akwai waɗanda bai kamata a harba su ba sam?

Akwai. Enfield mai alamar DP an ware ta ne don fareti saboda an ga aibu. Arisaka ta horo, sau da yawa bututunta sumul ba zane kuma ba ta da tambarin fure tun asali, ƙarfenta ba zai ɗauki harsashin gaske ba. Springfield M1903 mai lamba ƙasa da 800,000, ko ta Rock Island ƙasa da 285,507, an samu waɗanda aka ƙona ƙarfensu wajen ƙira suka yi gautsi, kuma ba yadda zaka gane mai kyau da ido. Gewehr 88 ta Jamus an yi ta ne kafin a ƙara kaurin harsashin 8mm daga .318 zuwa .323 a 1905, kar ka zura mata na zamani ba tare da an auna ba. Sannan wasu an canza musu harsashi daga baya, misali K98k na Isra'ila da aka mayar 7.62 na NATO, ko M95 mai babban harafin S. Abin da littafi ya ce game da samfurin daban, abin da ke hannunka daban, a auna.

Zan iya goge katakon in sa mata madubin hange?

Bindigarka ce, amma ka sani ranar da ka sa yashin goge ko ka huda gidan sakata darajarta ta tafi ba dawowa, tambarin da ke jikin katako ba zurfi gare su ba, shafa biyu sun ɓace. Bayan 1950 an yanke dubban Mauser da Enfield an mayar da su na farauta, yau ga su nan ba mai nema. Giris ɗin ma'aji dai dole ka cire, ƙarfe da man wanke fenti ko kananzir, katako kuma ka sa shi a rana mai zafi yana tsatsafowa kana gogewa da tsumma, kar ka manta da cikin sakata don giris yana riƙe allura. In madubi kake so akwai mazaunin da ake ɗaurawa a gurbin saitin baya ba huji, ko ka nemi wadda wani ya riga ya yanka.

Me yasa tawa take harbi sama a mita 100?

Ba lalacewa ta yi ba, haka aka saita ta. An koya wa soja ya auna ɗamarar abokin gaba, don haka mafi ƙarancin saitin M96 mita 300 ne, na Gewehr 98 mita 400, ƙaramin ramin No.4 kuma yadi 300, a kusa dole harsashi ya wuce sama da taki ɗaya ko fiye. Maganin shi ne dogon saitin gaba, ka cire na asali ka adana shi a leda da lambar bindigar a rubuce. In kuma gefe take kaiwa kuma M91/30 ce ko M44, gwada da banati a miƙe tukuna, da shi Rasha ta saita su. Tsohuwar M91 da ba a taɓa ba ma lambobin saitinta ba mita ba ne, arshin ne, kowane ɗaya wajen santimita 71.